Ƙanina tsohon sojan Amurka ne, ciwo ya hana shi aiki: ta ina za a fara neman haƙƙinsa daga Katsina?

Abban Hafsat:
Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga waɗanda suka san harkar tsofaffin sojojin Amurka, musamman 'yan uwanmu mazauna can. Ƙanina ya yi soja a Amurka daga 2008 zuwa 2014, ya je Afganistan, kuma sallamar mutunci aka yi masa. Da ya fito sai ya kama tuƙin tirela, har ciwon baya ya sauke shi daga mota shekara biyu da suka wuce. Yanzu yana nan gida Katsina, wajen Ƙofar Ƙaura. Ma'aikatar tsofaffin sojojinsu, wato VA, tana ba shi wani abu duk wata bisa kason naƙasar da ta auna masa: baya kashi 40, gwiwar dama kashi 20, ƙarar da yake ji a kunne kashi 10. Ba ya iya dogon zama, ba ya iya doguwar tsayuwa, ruku'u ma ya gagare shi. An ce mana akwai tsarin da ake biyan mutum kuɗin kashi 100 idan ciwon soja ya hana shi aiki, ko da kasonsa bai kai ɗari ba. Gaskiya ne? Kuma ana nema daga nan, ko sai ya koma?

Ɗan Daura:
Wa alaikumus salam. Allah Ya ba shi lafiya. Ai ya riga ya cika sharaɗi. Abin da ake so shi ne jimilla ta kai 70, kuma ciwo ɗaya ya kai 40. To 40 da 20 da 10 ai saba'in ke nan. Ya cike fom kawai.

Bakatsine a Hustan:
Ɗan Daura, sharaɗin da ka faɗa daidai ne, lissafin ne ba haka ba. VA ba ta tara kaso yadda ake tara kuɗi. Tana ɗaukar mutum a matsayin 100, ta fara da ciwon da ya fi girma. An cire 40, saura 60. Gwiwa kashi 20 ne na sittin ɗin da ya rage, wato 12, an kai 52. Saura 48, kashi 10 na wannan ya kusa 5, an kai 57. Sai a kai shi ga goma mafi kusa, ya zama 60. Yaya Abban Hafsat, duba wasiƙar hukuncin da suka aiko masa, za ka ga 60 ne a rubuce.

Tsarin da aka gaya maku akwai shi. Sunansa TDIU, wasu su ce IU a taƙaice, yana cikin sashe na 4.16 na kundi na 38 na ƙa'idojin gwamnatin tarayyarsu. Ƙofa biyu ce: ko ciwo ɗaya tak da ya kai 60, ko ciwuka da yawa da jimillarsu ta kai 70 kuma ɗaya a ciki ya kai 40. Ana nema daga ko'ina a duniya, zama a Nijeriya ba ya soke haƙƙin. Bambancin kuɗin kuwa ba ƙarami ba ne. A jadawalin da ya fara aiki 1 ga Disamba 2024, wanda ba shi da iyali a kan 60 ya riƙa karɓar dala 1,395.93 a wata, a kan 100 kuwa dala 3,831.30.

Abban Hafsat:
Na duba, wallahi 60 ne. Ke nan bai cancanta ba?

Bakatsine a Hustan:
Kada ka yi saurin cewa haka. Tambaye shi abu ɗaya: bayan da gwiwar da kunnen, duk a hatsari guda suka samo asali? Ƙa'idar ta ce ciwukan da suka fito daga sanadi ɗaya, ko hatsari ɗaya, ko raunukan da aka ji a fagen daga, ana ƙirga su a matsayin ciwo ɗaya wajen cika wannan sharaɗi. Idan misali motarsu ce ta taka bam duk ukun suka same shi, to sittin ɗin nan nasa ciwo ɗaya ne mai 60, ya shiga ta ƙofar farko. Idan kuwa baya da gwiwa ne kaɗai suka haɗa sanadi, 52 ne, a mayar da shi 50, bai kai ba.

In hakan bai yiwu ba, sai a duba abin da ciwon bayan ya haifar. Ƙafarsa tana yin sanyi ko tana tsira kamar ana soka masa allura? Zafi yana gangarowa daga ƙugu zuwa idon sawu? Wannan jijiya ce ta matsu, kuma kasonta daban ake ba ta: 10 idan sama-sama ne, 20 idan matsakaici ne, 40 idan ya fi haka. Da zai sami 20 a nan, lissafin 40, 20, 20, 10 yana ba da 66, a kai shi 70. Haka ciwon damuwa da ya biyo bayan zaman ciwo da rashin aiki. Kason ciwon ƙwaƙwalwa 0 ne, 10, 30, 50, 70 ko 100. Ko 30 ya samu, 40, 30, 20, 10 yana ba da 69, shi ma 70 ne.

Abban Hafsat:
Ya ce kunnen daga ƙarar bindigogi ne tun a horo, baya da gwiwa kuwa faɗowa ya yi daga kan motar soja. Ƙafar hagu kam kullum yana kukanta. Damuwa kuma, mu dai muna ganin alama, amma shi ba ya yarda a yi maganar.

Maman Khalil:
Abban Hafsat, wannan jimlar taka ta ƙarshe ita ce babbar matsalar mutanenmu a wannan harka. Bahaushe ko yana mutuwa aka ce ya jiki, da sauƙi zai ce. Ranar da VA ta tura shi wajen likitan tantancewa, likitan zai ce masa ya kake, shi kuma ya ce lafiya lau, likita ya rubuta, shi ke nan an yi asarar wata shida. Ba ƙarya ake so ya yi ba, ƙarya ma laifi ce babba a dokarsu, ana ɗaure mutum a kanta. Ana so ya faɗi abin da ke akwai ba tare da kunya ba. Minti nawa yake iya zama kafin ya miƙe? Wa ke sa masa safa? Yana iya tsugunno a banɗaki ko sai an sa masa kujera? Wajen alwala yana kai hannu ƙafarsa? Sau nawa ciwo ke tashinsa cikin dare? Kwana nawa a wata ba ya iya fita ko masallacin ƙofar gida?

Kuma idan aka ce ya sunkuya, ya tsaya daidai inda zafi ya fara, ya faɗa da baki. Kada ya cije ya nuna jarumta. Akwai wani ma'auni kamar kamfas na 'yan makaranta da suke aza wa mutum a ƙugu. Sunkuyo da bai wuce digiri 30 ba shi ne kashi 40. Daga sama da 30 zuwa 60 kashi 20 ne. Wanda ya daure ya kai 65 don kada a ce rago ne, ya mayar da kansa kashi 10 da hannunsa. Ya kuma yi bayanin ranakun da ciwon ke tashi, don wataƙila ranar dubawar ta zo a ranar sauƙi.

Dokta:
Bari in ƙara a kan na Hajiya ta ɓangaren takardun asibiti, don nan ne masu nema daga gida suka fi faɗuwa. Mutum ya yi shekara biyu yana sayen magani a kemis, ya je wajen mai ɗori, ya sha jiƙe-jiƙe, babu ko takarda ɗaya. A idon mai duba fayil a Amurka, wanda ya yi shekara biyu bai ga likita ba ya warke ne. Saboda haka ya buɗe kati a asibitin da ke da likitan ƙashi, kamar Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina ko na Amadi Rimi, ko ya je Dala a Kano. Ya riƙa zuwa a kai a kai, kowane zuwa a rubuta a folda. A yi masa hoton MRI na ƙasan baya, ya karɓi rahoton a rubuce da sa hannu, ba faifan kaɗai ba. A gwada jijiyar ƙafa: ƙarfinta, jin taɓi, da bugun guduma a gwiwa da agara. Maganin da yake sha ya zama likita ne ya rubuta. Tiramadol ɗin kemis ba hujja ba ne, yana iya ma jawo a yi masa wata fassara.

Sai rahoton likita. Yawancin abin da muke rubutawa a nan layi huɗu ne: wane majinyacinmu ne, yana fama da ciwon baya, a taimaka masa. Wannan ba ya aiki. Rahoton da ke aiki yana ɗauke da sunan ciwon, gwajin da ya tabbatar da shi, da abin da mutum ba ya iya yi a ƙididdige: zama bai wuce minti kaza ba, tsayuwa kaza, ɗaukar kaya bai wuce kilo kaza ba, yana buƙatar kwanciya sau kaza da rana, maganin jijiya yana sa shi gyangyaɗi. Idan sabon ciwo ake son jinginawa ga tsohon, likita ya rubuta cewa yiwuwar ciwon bayan ne ya haifar da shi ta kai kashi 50 cikin 100 ko fiye, ya kuma kawo dalili. Wannan ma'aunin suke bi, don a dokarsu idan hujja ta yi kunnen doki tsohon soja ake ba gaskiya. Kalmar "mai yiwuwa" ba ta isa ba. A sa cikakken sunan likita, fanninsa, lambar rajistarsa, hatimi da kwanan wata, a kan takarda mai kan asibiti. VA tana da fom na kowane ciwo da ake kira DBQ a shafinta, ana iya bugo na baya da na jijiya a kai wa likita ya cike.

Ɗan Daura:
To ni abin da ban gane ba, tunda an san direba ne kuma baya ya hana shi tuƙi, me kuma za a tsaya bincike?

Lauya:
Tambaya mai kyau, kuma a nan ake kayar da mafi yawan masu nema. Ba a tambayar ko zai iya komawa tsohon aikinsa. Ana tambayar ko akwai wani aikin da zai iya riƙewa ya ci abinci da shi, idan aka duba iliminsa da irin ayyukan da ya taɓa yi. Jimlar da aka fi gani a wasiƙar ƙi ita ce: ba zai iya aikin ƙarfi ba, amma zai iya aikin zaune. Shi ya sa maganar Dokta ta minti nawa yake iya zama ta fi hoton MRI ɗin kansa nauyi. Wanda bai iya zaman rabin awa, yana shan maganin da ke sa barci, kuma iliminsa sakandare ne da lasisin tirela, wane ofis zai ɗauke shi? Sai an rubuta wannan ɓaro-ɓaro. Abu biyu kuma ba sa shiga lissafi ko kaɗan: shekarunsa, da duk ciwon da ba na soja ba. Idan yana da ciwon suga da ba a jingina shi da aikin soja ba, kada ya sa shi cikin dalilan barin aiki, sai su ce ai sugan ne ya zaunar da shi.

Shawarata, yau ɗin nan kafin ya kwanta ya shigar da takardar niyya, fom 21-0966. Tana kama masa rana, ta ba shi shekara guda cur ya haɗa hujjoji. In aka amince, daga wannan ranar ake ƙirga ariyas, biyan kuma yana farawa daga ɗaya ga watan da ke biye. Tunda ya bar aiki fiye da shekara, ba za a koma masa baya zuwa ranar da ya sauka daga mota ba. Duk watan da ya wuce bai shigar ba, ya tafi ke nan. Fara cike fom ɗin neman diyya a shafin VA.gov ma yana kama ranar da kansa. Sannan ya tura komai a haɗe: 21-526EZ na ƙafa da damuwa, da 21-8940 na rashin iya aiki.

Bakatsine a Hustan:
Barista, a kan takardar niyya muna tare. A kan tura komai a haɗe ne nake da ja. A ganina ya fara neman ƙafa da damuwa, ya kai 70, sannan ya tura 8940. Wanda bai cika kaso ba, ofishin yanki ba shi da ikon amince masa kai tsaye, sai an miƙa fayil ɗin ga daraktan sashen diyya a ƙarƙashin 4.16(b), kuma wannan hanya doguwa ce. Ga kuma haɗari: da zarar ya tura 8940 za a sake duba baya da gwiwa. In ya je babu takardun asibiti, arba'in ɗin ma tana iya girgiza.

Lauya:
Na ji dalilinka, amma ban sauka daga nawa ba. Idan an tura a haɗe, mai hukunci ɗaya ne zai duba duka. Ya ba ƙafa 20, jimilla ta zama 70, a wannan zaman zai yanke maganar rashin aikin, kuma ranar biya ɗaya ce. In aka raba, layi biyu zai bi, watannin da ke tsakani kuma sai an yi jayayya a kansu. Maganar rage kaso gaskiya ce, amma tana da shinge. Kason da ya shekara biyar bai motsa ba, ba a rage shi da dubawa guda, sai an nuna sauƙi mai ɗorewa. Bayan shekara goma ba a yanke alaƙar ciwon da aikin soja sai in da zamba. Bayan ashirin kason kansa ya zauna. In tun 2014 ko 2015 yake kan arba'in ɗin nan, yana da kariya. Abin da na yarda da kai a kansa shi ne kada ya tura sai folda ta yi kauri. Shekarar da takardar niyya ta ba shi, amfaninta ke nan. Wata uku zuwa huɗu na zuwa asibiti sun isa a fara.

Bakatsine a Hustan:
To, in dai foldar za ta riga fom ɗin, ban ƙi ba. Amma har yanzu ina ganin mai rauni a hujja gara ya bi a hankali.

Bari in faɗi yadda 8940 yake, don ana yawan kuskure a cikinsa. Yana tambayar ciwon da ya hana ka aiki, ranar da ciwon ya fara shafar aikinka, ranar da ka yi aikin cikakken lokaci na ƙarshe, da ranar da ka kasa gaba ɗaya. Kwanakin nan su dace da abin da ke takardun albashi da na haraji. Yana neman duk inda ka yi aiki a shekaru biyar na ƙarshe da ka yi kana aiki, da adireshi, da awa nawa a mako, da albashi mafi tsoka a wata, da kwanakin da ciwo ya ci. Sai fom 21-4192, wanda kamfanin da ya bari ne ke cikewa. Ya tura masu da kansa ta imel, kada ya jira VA. In kamfanin ya rufe ko sun yi shiru, ya rubuta bayani a 21-4138 cewa ya nema bai samu ba, ya haɗa takardun harajinsa. Direban tirela a Amurka ba ya tuƙi sai da katin lafiya da ake sabuntawa aƙalla duk shekara biyu. In an taɓa hana shi katin saboda baya ko magani, wannan takardar zinariya ce, ya nemo ta.

Matarsa da kai kanka kuna iya rubuta abin da kuke gani a fom 21-10210. Ba a so ku zama likitoci. Ku ce dai tun watan kaza ba ya iya hawa babur, a tabarma yake cin abinci a kishingiɗe, ranar Juma'a sai an kai masa kujera.

Abban Hafsat:
Allah Ya saka. Akwai abin da ya ɗaure mani kai. Ina da shago a babbar kasuwa, wani lokaci yana zuwa ya zauna awa ɗaya ko biyu don kada zaman gida ya yi masa yawa, nakan ba shi ɗan wani abu. Yana kuma da gona ta gado wajen Batagarawa da ake noma masa. Wannan zai ɓata?

Lauya:
Ba zai ɓata ba in an faɗa. Ɓoyewa ce ke ɓatawa. Ƙa'idar ta yarda da aikin da bai taka kara ya karya ba, wato wanda abin da ake samu a shekara bai wuce layin talauci na mutum ɗaya da hukumar ƙidayar Amurka ke fitarwa ba. A 2023 layin ya ɗan haura dala 15,000. Ta kuma ambaci aiki a kasuwancin dangi, inda ake yi wa mutum sassaucin da bare ba zai yi masa ba. Ka rubuta cewa shagon naka ne, yana zuwa ranar da ya ga dama, yana kwanciya a benci in ciwo ya taso, kuma da ba ƙaninka ba ne da ba ka ajiye shi ba. Gona kuwa, abin dubawa shi ne guminsa ne ko dukiyarsa ce. In 'yan ƙodago ke yi, wani ke tsaye a kansu, shi sai dai a kawo masa buhuna, a rubuta haka. Sai dai ya kiyayi hotunan Facebook da zai riƙe fartanya don nishaɗi.

Tsohon Saje:
Salamu alaikum. Ku yi mani haƙuri in sako tamu. Duk wannan na Amurka ne. Yaranmu da ke dawowa daga Borno da dajin Rugu da harsashi a jiki, su ina za su dosa? Akwai mai tambaya a nan unguwarmu, ɗansa shina kwance.

Lauya:
Baba, ai dole a sako ta. Tsarin daban ne, amma inda ake faɗuwa kusan ɗaya ne. Abu na farko, kada yaro ya bar asibitin soja ya taho gida wajen mai ɗori ba da takardar izini ba. Da yawa a nan suke rasa komai: ana rubuta mutum cikin waɗanda suka gudu, a kore shi, kuma korarre ba ya cikin lissafin wanda aka sallama saboda rashin lafiya. Na biyu, raunin ya shiga rubuce-rubucen bataliyarsa, da rana da wuri da cewa a bakin aiki ne. Na uku, kwamitin likitocin soja ne ke yanke ko zai ci gaba da aiki ko a sallame shi, da girman naƙasar. Manyan raunuka na wannan yanki sukan ƙare a Asibitin Soja na 44 da ke Kaduna. Iyali su riƙe kwafin kowace takarda, tun daga ta kwantarwa har rahoton kwamitin da takardar sallama.

Bayan sallama, biyan yana hannun Hukumar Fanshon Soja da ke Dutsen Alhaji a Abuja. Tun gyaran dokar 2011 aka fitar da sojoji daga tsarin fanshon adashi, dokar 2014 ta tabbatar da haka, don haka ba wajen kamfanonin fansho za a je ba. Kada kuma a ɓata kuɗin mota zuwa NSITF, hukumar diyyar ma'aikata, dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta cire sojoji. Sunan da ke takardar sallama da na BVN da na NIN su zama ɗaya harafi da harafi. Muhammad a nan, Mohammed a can, ya isa ya tsayar da fayil. Maganin asibiti bayan ritaya ta hannun DHML, kamfanin kula da lafiyar sojoji, ake bi. In an zalunci soja yana cikin aiki, Dokar Sojoji ta ba shi hanyar koke a rubuce ta hannun kwamandansa, sashe na 178 ga hafsoshi, 179 ga ƙananan sojoji, kuma a bi wannan kafin a doshi kotu.

Tsohon Saje:
Madalla. In ƙara da cewa su tahi ofishin 'yan Lijiyon, wato ƙungiyar tsohhin sojoji, na jiha. Ba su ke biya ba, amma sun san wanda ake gani da takardar da ake tambaya.

Maman Khalil:
Mu koma kan na Abban Hafsat, akwai ƙananan abubuwa da ke kashe nema daga Nijeriya waɗanda ba ruwansu da ciwo. Shiga VA.gov sai da asusun Login.gov ko ID.me, kuma suna turo lambar sirri. In layin wayarsa na Amurka ya mutu, ya gyara wannan tun yanzu, ya koma karɓar lambar ta manhajar tantancewa. Ya sabunta adireshi, waya da imel a wajensu. Kada ya dogara da gidan waya, ya riƙa leƙa shafin duk mako, wasiƙun hukunci suna fitowa a can. Takardu a yi masu sikanin mai kyau a ɗora, ba hoton waya a karkace da inuwar hannu ba. Asusun bankinsa na Amurka kada ya bari a rufe shi.

Dubawar likita VA ce ke shiryawa, yawanci ta hannun kamfanin da ta ba kwangilar masu zama ƙasashen waje. Za su kira ko su turo imel. Baƙuwar lamba ta shigo, ya ɗauka. Ya tanadi kuɗin tafiya don ana iya tura shi wani gari. Wannan yana da muhimmanci: a neman ƙarin kaso, wanda bai je dubawa ba kuma ba shi da ƙwaƙƙwaran uzuri, ƙa'ida ta ce a ƙi neman. In ranar ba ta yi masa ba, ya sanar kafin ta zo. Mai son kiransu ya tuna muna gaban gabashin Amurka da awa biyar a bazararsu, shida a hunturunsu, wato sai bayan azahar ofisoshinsu ke buɗewa a agogonmu.

Ya kuma yi rajistar shirinsu na jinya a ƙasashen waje da fom 10-7959f-1. Suna mayar da kuɗin maganin ciwukan da aka amince na soja ne kaɗai, in an tura rasit da bayanin likita cikin shekara biyu. Matarsa da 'ya'ya kuma, tunda ya wuce kashi 30, akwai ƙari a kansu ta fom 21-686c.

Ɗan Daura:
Akwai wani da ke talla a WhatsApp cewa yana cike wa mutane irin wannan, a ba shi kason wata biyar na farko.

Lauya:
Ku guje shi. A dokarsu ba a karɓar kuɗi don shigar da neman farko. Ƙungiyoyin tsofaffin sojoji irin su DAV da VFW kyauta suke yi, ana naɗa su wakilai da fom 21-22. Lauya ko wakilin da VA ta tantance yana cajin kuɗi ne bayan an yanke hukuncin farko, kuma abin da aka saba shi ne kashi 20 na ariyas. Sunayen waɗanda aka tantance suna shafin ofishin babban lauyan VA. Wanda ba ya ciki, kada a ba shi lambar sirri ko kwafin DD-214, wato takardar sallamarsa daga soja.

In an ƙi, yana da shekara guda daga ranar da ke kan wasiƙar, hanya kuma uku ce. In akwai sabuwar hujja, 20-0995. In hujjar ta isa, mai hukunci ne ya yi kuskure, 20-0996, babban jami'i ya sake dubawa, amma ba a ƙara ko takarda ɗaya. Ta uku ita ce 10182, zuwa gaban alƙalin hukumar ɗaukaka ƙara, ita ta fi jinkiri. A karanta dalilin ƙin da kyau kafin a zaɓa. In sun ce zai iya aikin zaune, to ta farko ce, da rahoton likita ko na masanin sana'o'i da ya amsa wannan maganar kai tsaye. Muddin ana ɗaukar mataki cikin shekarar, ranar farko ba ta ɓacewa.

Abban Hafsat:
Wani ya ce masa ya nemi na Soshal Sikiyuriti ma. Ba za su ci karo ba?

Bakatsine a Hustan:
Ba sa cin karo, ana karɓar SSDI, wato kuɗin naƙasa na Soshal Sikiyuriti, da kuɗin VA tare, ɗaya ba ya rage ɗaya. Ma'aikatu biyu ne, hukuncin wannan bai ɗaure waccan ba, kodayake VA takan nemi fayil ɗinsu ta duba. Amma SSDI tana da agogo: galibi ana so mutum ya yi aikin shekara biyar cikin goma na ƙarshe kafin naƙasar, saboda haka inshorar takan ƙare kamar shekara biyar bayan barin aiki. Biyu sun riga sun tafi. In ɗan ƙasa ne ana biyansa yana nan. In katin zama kawai gare shi, biyan yakan tsaya bayan wata shida a wajen Amurka. SSI kuwa, wato tallafinsu na masu ƙaramin ƙarfi, kada ya wahalar da kansa, ba a biyan wanda ya yi kwana 30 a waje.

Tunda ya je Afganistan, tambaye shi ko yana fama da asma ko toshewar hanci da ba ta jin magani. Dokar PACT ta Agusta 2022 ta sa irin waɗannan cikin ciwukan da ake ɗauka hayaƙin ramukan ƙona shara na sansanonin soja ne ya jawo su, ba sai ya kawo wasiƙar likita mai alaƙanta ciwon da aikin soja ba, shaidar likita cewa yana da ciwon da shaidar ya je can sun wadatar. In akwai, ya sa shi cikin 526EZ ɗin tun yanzu, kuma ranar da zai je buɗe kati ya nemi a haɗa masa da gwajin numfashi.